Wane hukunci ke kan mai motar kwasar masai da ya juye najasa inda doka ta hana?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Akwai wata motar kwasar masai da ke zuwa da daddare tana juye abin da ta kwaso a wani kwari da ke bayan gidajenmu, ruwan kwarin kuma rafi yake shiga. Wane hukunci doka ta tanada a kan wannan? Direba ne mai laifi ko mai motar? Mu da muke kiran irin waɗannan motoci su kwashe mana sokawe, akwai abin da zai shafe mu?"

Malam, abin da kake gani laifi ne a kusan duk ƙasar da ke da dokar kare ruwa da lafiyar jama'a. Hukuncinsa kuma ba ɗaya ba ne. Akwai tara, akwai biyan kuɗin gyara wurin da aka ɓata, akwai soke lasisi da ƙwace mota, akwai ɗauri idan abin ya yi muni. Yawan tarar da tsawon ɗaurin sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wani lokaci ma daga jiha zuwa jiha a ƙasa ɗaya, saboda haka zan kawo maka dokokin Amurka da na Ingila domin su sun fayyace komai dalla-dalla, ka ga yadda tsarin yake. Sai dai tun yanzu ina so ka riƙe wannan: girman tarar da ke rubuce a littafin doka ba shi ke hana mai mota juye najasa a kwari ba. Abin da ke hana shi shi ne sanin cewa za a iya bin sawun kowace tanka daga gidan da aka kwaso ta zuwa inda aka sauke ta, kuma in lissafi bai daidaita ba motarsa ce za ta tafi.

Mutane da yawa suna ɗaukar abin da ke cikin tankar nan kamar ruwan kwata ne kawai mai ɗan wari. Ba haka ba ne. Abin da ake zuƙowa daga sokawe najasa ce da ta shekara biyu, uku, wani lokaci biyar tana kwanciya tana kauri. Idan aka auna yawan iskar da take zuƙewa daga ruwa yayin ruɓewarta, ta ninka ruwan najasar da ke bin bututun gari kusan sau talatin. Shi ya sa tanka ɗaya ke iya kashe kifin ƙaramin rafi a wuni guda: ƙwayoyin da ke cin ƙazantar suna shanye iskar ruwan, kifin ya shaƙe. A cikinta akwai ƙwayoyin kwalara da taifot da na ciwon hanta nau'in A da E, akwai kuma ƙwan tsutsar ciki wanda ke iya shekaru a cikin ƙasa bai mutu ba. Sinadarin naitiret da ke fitowa daga gare ta yana tsatsafawa ya sauka cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa, ya shiga rijiyoyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha miligiram 50 a kowace lita, saboda idan ya yi yawa yana hana jinin jariri ɗaukar iska yadda ya kamata.

Wanda yake ganin an cika zafi a kan wannan laifi ya tuna da Haiti. A watan Oktoba na 2010 kwalara ta ɓarke a ƙasar, wadda ta daɗe ƙwarai ba ta ga cutar ba. Bincike ya kai ga sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya da ke kusa da garin Mirebalais. Ɗan kwangila ne ke kwashe najasar sansanin da mota yana juyewa a wani buɗaɗɗen rami, ƙazantar ta sami hanya ta shiga wani rafi da ke zuba a kogin Artibonite, kogin da dubban mutane ke sha da wanka da ban ruwa da shi. Mutum sama da 800,000 suka kamu, kusan 10,000 suka rasu. Sai a watan Disamba na 2016 Ban Ki-moon, Babban Sakataren Majalisar a lokacin, ya nemi afuwar mutanen Haiti, ƙarar da aka shigar a kotunan Amurka kuma aka kore ta saboda kariyar da Majalisar ke da ita daga shari'a. Wannan abu har yau yana ci mini rai, domin asalinsa aiki ne na mota da tiyo da rami, irin wanda kake kallo a bayan gidanka.

A Amurka babbar dokar ita ce Dokar Tsaftar Ruwa ta 1972, wadda aka ƙara wa hukuncinta ƙarfi a 1987. Ta raba laifin gwargwadon niyyar mai shi. Wanda ya zuba ƙazanta a ruwan da dokar ke karewa bisa sakaci, tararsa daga dala 2,500 zuwa 25,000 ce a kan kowace ranar da ya yi laifin, ko ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba, ko duka biyun. Wanda ya yi da gangan, dala 5,000 zuwa 50,000 a kowace rana, ko ɗauri har shekara uku, ko duka biyun. In an taɓa kama shi da irin laifin, ƙarshen tarar da na ɗaurin suna ninkawa. Akwai mataki na sama kuma: idan ya san cewa abin da yake yi na iya jefa wani cikin haɗarin mutuwa ko mummunan rauni, ɗaurin na kaiwa shekara 15 da tarar dala 250,000, kamfani kuma dala miliyan ɗaya. Mai motar da ya buɗe famfon tankarsa a bakin rafi da tsakar dare ba zai iya cewa sakaci ne ba. Zaɓen lokacin da zaɓen wurin su kansu shaida ne cewa ya san abin da yake yi.

Ka lura da kalmar "a kowace rana". Nan ne nauyin yake. Mai motar da ya yi wata uku yana juyewa a wuri ɗaya ba laifi ɗaya ake lissafa masa ba. Ban da hukuncin laifi, gwamnati na iya kai shi kotu a kan tarar farar hula, wato tarar da ba ta cikin shari'ar laifi, wadda ba ta buƙatar a tabbatar da niyya, kuma saboda ana daidaita ta da hauhawar farashi yanzu ƙarshenta ya haura dala 60,000 a kowace rana. Dokar ta umarci alƙali ya duba abubuwa kafin ya yanke adadi: munin ɓarnar, tarihin mai laifin, ƙoƙarin da ya yi na gyarawa, ƙarfin aljihunsa, da kuma ribar da ya ci ta hanyar karya dokar. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi burge ni a duk tsarin. Idan mutum ya tsira da kuɗin mai da kuɗin saukewa a wurin da aka keɓe na tanka ɗari, tarar da ba ta kai wannan kuɗi ba ba hukunci ba ce, haraji ne mai rahusa, kuma zai ci gaba da biya yana murna.

Wasu masu motar suna ganin sun fi wayo, sai su ɗaga murfin bututun najasar gari a wani lungu su juye a ciki, su ce ai can ma matatar da ke tace najasar gari za ta kai. Ƙa'idar Amurka ta hana wannan ƙarara: duk ƙazantar da aka ɗauko da mota ba a zuba ta a bututun gari sai a wurin da matatar da kanta ta keɓe. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya san aikin matata. Ƙwayoyin halitta ne ke narkar da ƙazantar a can, kuma in tanka mai kauri ta faɗo musu lokaci ɗaya ba shiri, ko tana ɗauke da man girki na gidajen abinci ko gubar masana'anta, sai aikin matatar gaba ɗaya ya rikice, ruwan da bai tsarkaka ba ya fita kogi. Zubawa a gona ma tana da nata sharuɗɗa tun 1993: ko a cakuɗa najasar da hodar laim, wato farar ƙasa mai kaifi, har ma'aunin pH, mai auna tsami ko kaifin abu, ya kai 12 ya zauna haka na minti 30, ko a tura ta ƙarƙashin ƙasa ko a binne ta da garma cikin sa'o'i kaɗan, tare da kiyaye wa'adin girbi da na kiwo da na shigar mutane. Yawan da za a zuba a shekara ya dogara da takin da shukar ke buƙata, kuma dole a ajiye bayanan shekara biyar. Duk wannan ga najasar gidaje ce zalla. Da zarar an haɗa ta da ta masana'anta, tankar gaba ɗaya ta fita daga wannan sassauci.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, direba ko mai mota. Amsar ita ce duka biyun, kuma doka mai kyau ta fi neman mai motar. A Amurka dokar ta ambaci jami'in kamfani da alhakin aikin ke wuyansa cikin waɗanda za a iya ɗaurewa, ko da bai taɓa riƙe tiyo ba. A Ingila abin ya fi fitowa fili. Dokar Kare Muhalli ta 1990, sashe na 33, ta ce idan aka zubar da shara daga cikin mota, wanda motar ke ƙarƙashin ikonsa ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya sa aka zubar, ko ya ba da umarni ko bai bayar ba. Ke nan "ban san direbana yana yin haka ba" ba ta fisshe shi. Hukuncin a babbar kotu tara ce da ba ta da iyaka, ko ɗauri har shekara biyar. Kotu na iya sa shi biyan kuɗin bincike da na kwashe ƙazantar, ta kuma ƙwace motar. In ya tara dukiya da wannan hanya, dokar ƙwace ribar laifi ta 2002 na ba da damar a bi dukiyar.

Ina goyon bayan wannan tsari da zuciya ɗaya. Direban da ake biya gwargwadon yawan sawun da ya yi a rana, aka kuma ba shi man da bai isa kai shi matata ya dawo ba, an riga an gaya masa inda zai juye ko da ba a furta ba. In hukuma ta kama shi kaɗai ta ci shi tara, gobe mai motar zai ɗauki wani direban. Yaran mota kuwa su ne suka fi kowa shan wahalar sana'ar, domin iskar da ke taruwa a cikin sokawe tana sumar da mutum cikin daƙiƙoƙi, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma ba ya fitowa. Indiya ta yi doka a 2013 da ta tanadi ɗauri har shekara biyu ga wanda ya sa mutum shiga irin wannan rami ba kayan kariya, kotun ƙolin ƙasar kuma a 2023 ta ɗaga diyyar wanda ya mutu a aikin zuwa rupi miliyan uku. Mai motar da ba ya damuwa da inda najasa ke zuwa da wuya ka same shi yana damuwa da ran yaronsa.

Tambaya ta uku, ku masu gida. Nan ma akwai abin da zai iya shafarku, gwargwadon ƙasar. A Ingila ƙa'ida ta wajabta wa mai sokawe ya tabbatar wanda ke kwashe masa yana da rajistar ɗaukar shara, kuma kowa na iya duba rajistar a shafin Hukumar Muhalli ta ƙasar. 'Yan kasuwa da ma'aikatu dole su cika takardar miƙa shara su ajiye ta shekara biyu. A wuraren da doka ba ta kai nan ba, mai gida da wuya a kai shi kotu sai in an tabbatar ya san inda za a zubar kuma ya yarda. Amma ko doka ba ta kama ka ba, akwai alamar da bai kamata ka rufe ido a kanta ba. In wani ya ce zai kwashe maka a rabin kuɗin da sauran ke karɓa, ka tambayi kanka wane ɓangare na aikin ya cire. Zuƙowa ba ta raguwa, albashin yara ba ya raguwa. Abin da ake cirewa tafiya zuwa matata ce da kuɗin saukewa. Haka nan in motar ta bar gidanka ta dawo wa maƙwabcinka cikin minti ashirin alhali matata tana da nisan sa'a guda, ka san inda ta je.

A ganina hukuncin da masu sana'ar suka fi tsoro shi ne wanda ba ya buƙatar doguwar shari'a, wato dakatar da lasisi da riƙe mota. Tara ana iya roƙo a rage, ana iya biya kaɗan-kaɗan, shari'ar ɗauri na iya shekaru. Motar da ke tsare a harabar hukuma kuwa kowace safiya asara take jawowa, bashin da aka sayo ta da shi bai tsaya ba, abokan ciniki kuma sun koma wurin wani. Matata ma na da nata makamin: ta soke izinin saukewar mai motar, wanda ke nufin ba shi da inda zai kai kaya bisa doka. Kamfanin da aka samu da laifi a ƙarƙashin dokar ruwa ta Amurka ana hana wurin aikin da aka yi laifin samun kwangilar gwamnatin tarayya har sai an gyara matsalar. Ga mai motoci da yawa wannan ya fi tara zafi.

To ta yaya ake tabbatar da laifin, tunda da dare ake yi? Mafi yawan lokuta ba a bakin rafi ake kama su ba, a kan tebur ake kama su. Inda tsari ke aiki, kowace tanka tana da takardar rakiya mai kwafi uku: ɗaya ga mai gida, ɗaya ga mai mota, ɗaya ga matatar da ta karɓa, kowanne da kwanan wata da lambar mota da yawan lita. Jami'in bincike zai ɗauko littafin rasit na kamfanin ya ajiye a hannun dama, ya ɗauko rajistar ƙofar matata ya ajiye a hagu, ya bi su layi-layi. Littafin kamfani ya nuna motar ta kwashe gida shida ran Talata, tankarta kuma ba ta ɗaukar fiye da na gida biyu a sawu ɗaya. Rajistar matata ta nuna sau ɗaya ta shigo ranar. Sauran sawu biyun ina suka tafi? Mai motar ba shi da amsa sai ɗaya daga biyu: ko ya yarda, ko ya ƙirƙiro takarda. In ya ƙirƙiro ya ƙara wa kansa wani laifin, domin a Amurka yin ƙarya a takardun da dokar ruwa ta wajabta na jawo tara har dala 10,000, ko ɗauri har shekara biyu, ko duka biyun. Na'urar bin sawun mota ta tauraron ɗan Adam ta ƙara sauƙaƙa aikin, tunda tana nuna inda mota ta tsaya minti goma sha biyar a wurin da babu gida babu matata.

Akwai gaskiyar da dole in faɗa duk da ina cikin masu son a tsananta. Hukunci ba ya aiki inda babu wurin saukewa. A Accra, babban birnin Ghana, motoci sun yi shekaru masu yawa suna juye najasa kai tsaye cikin teku a wurin da ake kira Lavender Hill, da sanin hukuma, domin babu matatar da za ta karɓi abin da birnin ke fitarwa. Sai da aka gina matata a wurin a 2016 maganar hana zubawa ta zama mai ma'ana. Garin da ke da matata ɗaya a can ƙarshen gari, wadda ke rufe ƙofa da yamma alhali motoci sun fi aiki da dare, ya shirya wa kansa masu karya doka. A irin wannan hali tara mai tsanani ba ta rage zubarwa, sai dai ta mayar da ita tsakar dare, ta kuma buɗe ƙofar cin hanci. Hukumar da ke son a bi doka sai ta kusanto da wuraren saukewa, ta sa kuɗin saukewa daidai ƙarfin masu mota, sannan ta ɗora hannu mai nauyi a kan wanda ya ƙi. Wannan ba uzuri ba ne ga motar da ke zuwa bayan gidanku, ko kaɗan. Amma in ka kai ƙara ka haɗa da tambayar ina ne wurin da aka keɓe, domin amsar za ta nuna maka ko matsalar ta mutum ɗaya ce ko ta gari gaba ɗaya.

Abin da za ka yi yanzu: kada ka tare su da kanka da dare, kada kuma ka bari matasan unguwa su far musu, domin laifin zai juyo kanku kuma shaidar ta lalace. Daga nesa ka rubuta lambar motar, launinta, sunan da ke jikinta in akwai, da rana da lokaci duk sanda ta zo. Hoto ko bidiyo ya nuna lambar da tiyon a buɗe a lokaci ɗaya, domin hoton mota kaɗai ko na ƙazanta kaɗai ba ya haɗa laifin da mai shi. Ka kai ƙarar a rubuce ga hukumar kare muhalli da kuma sashen lafiya na ƙaramar hukumarku, da sa hannun maƙwabta da yawa, ka karɓi shaidar cewa an karɓa. Ka nemi a zo a ɗebi samfurin ruwan kwarin da wuri, kafin ruwan sama ya wanke wurin. A Amurka doka ta ba ɗan ƙasa da abin ya shafa damar shigar da ƙara da kansa bayan ya ba hukuma da mai laifin sanarwar kwana 60, kuma a ƙasashe da yawa wanda aka ɓata wa rijiya ko gona na iya neman diyya a kotun farar hula, don haka ka tambayi lauya abin da dokar wurinku ta ce. Kafin nan, duk gidan da ke da rijiya kusa da kwarin ya daina shan ruwanta ba tafasawa har sai an gwada. Tafasawar tana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta cire naitiret, saboda haka abincin jarirai a haɗa shi da ruwan wani wuri, yara kuma a hana su wasa a rafin.